Sifilin da ya mayar da Faɗima ta koma FaWima

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu na nan Yelwa da 'yan uwanmu na Gubi masu fama da firojek a wannan zangon. Rubutun nan yana da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Amma in dai kana haɗa shafin intanet da zai karɓi fayil daga hannun mutane, ko da fayil ɗaya ne, ka daure ka karanta. Ni sai da na sha kunya a gaban taron jama'a kafin na koyi abin da zan faɗa, ba na so kai ma ka biya wannan kuɗin.

Ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarmu ce ta ce tana son ɗan shafi na rajistar mambobi, wanda zai riƙa fitar da katin shaida da rasidin kuɗin ƙungiya. Mu uku muka karɓi aikin, kyauta, don dai mu gwada hannu kafin firojek ya zo. PHP da MySQL a kan XAMPP, irin wanda kowa ya saba. Sakatarenmu mutum ne mai tsari, sunayen mambobi duka suna Excel ɗinsa, kuma yana cikin mutanen nan da ba sa yarda a rubuta Hausa babu ƙugiya. Ya turo mana fayil, muka loda shi, sunaye suka fito a allo. Muka duba na farko-farkon nan, Abba, Adamu, Aminu, duk lafiya lau.

Sai muka zo gwada akwatin neman suna. Ka rubuta Aminu, shafin ya ce babu. Ga Aminu kana kallonsa da idonka a jeri, amma ya ce babu shi. Mun fi awa biyu muna zargin tambayar da muke tura wa MySQL. Can ɗayanmu ya ce a ƙirga tsawon sunan. Suna mai harafi biyar, kwamfuta ta ce goma. Ashe bayan kowane harafi akwai wani abu da ido ba ya gani, burauza tana tsallake shi ba ta nunawa. Da muka tona, sai ga shi: \0.

Me muka yi? Abin da kowa ke yi mana. Muka tambayi intanet yadda ake cire shi. Amsar farko layi ɗaya ce, str_replace, ka maye gurbin sifilin da babu. Wata amsar ta ce ma ka haɗa da duk haruffan da ba sa ganuwa ka share su gaba ɗaya, hankalinka ya kwanta. Muka ɗauki ta biyun, tunda ta fi ƙarfi. Aka rubuta Aminu, sai ga Aminu. Wallahi har tafi muka yi. Muka tafi wajen mai shayi muka yi wa kanmu walima da indomi da ƙwai, washegari aka kai katuna wajen bugawa da kuɗin da mambobi suka tara.

Ranar taro ana raba kati, sai wata 'yar uwa ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wai wace ce FaWima?" Ɗaki ya ɗauki dariya. Kafin dariyar ta lafa wani ya ce shi kuma an raɗa masa MusWafa. Ruƙayya ta samu alamar ™ a tsakiyar sunanta kamar wata hajar kamfani. Ɗanladi ya koma Šanladi. Rasidin kuɗi kuwa, duk inda alamar naira take, wani tsinkakken layi ne a tsaye. Sakatare ya juyo ya kalle ni, bai ce komai ba. Da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

To ga ra'ayina, kuma shi ne dalilin rubutun nan: sifilin da ka tarar a cikin fayil ba datti ba ne da za ka share ka wuce. Alama ce. Ruwa ba ya tsami banza. Kafin ka taɓa shi ka tambayi kanka daga ina ya fito, domin amsar ita ce za ta gaya maka abin yi, kuma a yawancin lokuta abin yin ba sharewa ba ne.

Bari in ɗan koma baya saboda 'yan aji ɗaya da 'yan wasu sassan da ke bibiya. A wajen kwamfuta kowane harafi lamba ne. A tsarin ASCII, wanda aka fara fitarwa a 1963, babban A lamba 65 ne, ƙaramin a kuma 97. Ita kanta alamar 0 da kake dannawa a madannai lambarta 48. Lamba ta sifili kuwa an ba wa wani harafi ne da ake kira NUL, wanda ba shi da siffa, ba shi da sauti. A zamanin da ake ajiye bayanai a dogon zaren takarda ana huda shi, NUL shi ne wurin da ba a huda komai ba. Shi ne \0 a cikin kod, shi ne %00 a adireshin shafi. Ni harafin sifili nake ce masa.

Me ya cika fayil ɗin sakatare da shi? Akwai hanyoyi fiye da ɗaya na ajiye rubutu. UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992 kuma shi ne intanet ke gudana a kansa yau, yana ba haruffan Turanci bayit ɗaya-ɗaya, haruffanmu masu ƙugiya kuma bayit biyu-biyu, kuma an gina shi ta yadda sifili ba zai taɓa faɗowa a tsakiyar wani harafi ba. UTF-16 kuwa, wanda Windows ke amfani da shi a cikin cikinta, bayit biyu yake ba kowane harafi irin namu. Ƙaramin a, a lissafin sha-shida da masu kwamfuta ke rubuta bayit da shi, 61 00 ne. Wannan 00 ɗin rabin harafin ne, ba baƙo ba ne. In ka adana fayil daga Excel a matsayin Unicode Text, UTF-16 yake ba ka. Mu kuma muka karanta shi kamar bayit ɗaya harafi ɗaya, shi ya sa muka ga sifili bayan kowane harafi.

Yanzu ku lura da nan, don nan ne abin ya shafe mu fiye da kowa. Harafin ɗ lambarsa a Unicode 0257, a cikin irin wannan fayil yana zama 57 02. Babu sifili a jikinsa. In ka karanta shi bayit-bayit, 57 shi ne babban W, 02 kuma wani harafi ne marar ganuwa. Ga FaWima ɗinku nan. Harafin ɓ 0253 ne, 53 kuma shi ne S. Harafin ƙ 0199 ne, 99 kuma a tsohon tsarin haruffan Windows shi ne ™. 'Yan uwanmu Fulani, ŋ ɗinku K yake komawa. Alamar naira 20A6 ce, ita ma ta tarwatse gida biyu. Mu kuma da muka haɗa da share haruffa marasa ganuwa, mun share 02 ɗin nan, wato shaida ɗaya tilo da ta rage cewa W ɗin nan asalinsa ɗ ne. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Da ba don sakatare yana da asalin fayil ɗinsa ba, da sai an bi mutane ɗaya bayan ɗaya ana tambayarsu yadda suke rubuta sunansu.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne, sakatare bai yi kuskure ba. Da gangan ya zaɓi Unicode Text, saboda Excel ɗin da ke kwamfutarsa tsoho ne, kuma ya taɓa ganin yadda adanawa a CSV na gargajiya ke mayar da ƙugiyoyi alamar tambaya. Sababbin Excel suna da zaɓin CSV UTF-8, nasa ba shi da shi. Wato shi da ba ɗan kwamfuta ba ya yi ƙoƙarin kare sunayen mutane, mu masu kiran kanmu injiniyoyi muka zo muka ɓata su.

Kuma amsar nan da muka kwafa, ba ƙarya wanda ya rubuta ta ya yi ba. A wajensa ta yi aiki. In duk sunayen da ke fayil ɗinka John ne da Mary da Peter, ka cire sifili daga UTF-16, abin da zai rage rubutu ne lafiyayye, ba za ka taɓa sanin ka yi ganganci ba. Dabara ce da ke tafiya daidai ga wanda duk rayuwarsa ta shige cikin haruffa 26. Mu tamu ba ta shige ba. Mutanen da ke rubuta yawancin amsoshin da muke kwafa, da waɗanda suka danna musu alamar yabo, ba su taɓa gwada kod ɗinsu da sunan Faɗima ba, kuma ba za su yi ba. In mu ba mu gwada ba, babu mai gwada mana. Haka in ChatGPT ka tambaya: ka ce masa "yaya zan cire sifili", zai nuna maka yadda ake cirewa, tunda abin da ka tambaya ke nan. Ka ce masa "me ya sa fayil ɗina yake da sifili bayan kowane harafi", ka ga irin amsar da za ka samu. Laifin tambayarmu ne.

Na san wani zai ce, to ai ko a takardunmu na hukuma ba a sa ƙugiya, Fadima ake rubutawa, Danladi ake rubutawa, mene ne abin tayar da jijiyar wuya? Gaskiya ne, yawancin takardunmu haka suke. In ka zauna ka yanke shawara cewa manhajarka za ta mayar da ɗ ta koma d don ta dace da sauran takardu, wannan zaɓi ne, za mu iya yin muhawara a kansa wata rana. Amma Fadima daban, FaWima daban. Na farko kai ka zaɓa, na biyu haɗari ne ya same ka ba ka sani ba. Sannan ba sunaye kaɗai ake lodawa ba. Gobe wani zai ce ka haɗa masa shafin tambayoyin jarrabawar Hausa, ko na saƙonnin wayar da kan manoma, ko ƙamus. Ranar da ɓarawo ya koma Sarawo a gaban ɗalibai, ba ka da bakin magana.

Maganin kuwa, wallahi bai kai wahalar da muka sha ba. Irin wannan fayil yakan fara da bayit biyu, FF FE, waɗanda ke shelar cewa ni UTF-16 ne. In ka taɓa ganin ÿþ a farkon layin farko na bayananka, su ne. Ka buɗe fayil a Notepad++, zai nuna maka tsarin rubutun a ƙasan allo, kuma in akwai sifilin da ba a wurinsa yake ba, zai zana maka NUL baƙi ƙirin. A Linux kuma umarnin file ko xxd ya ishe ka. In ka tabbatar, sai ka juya fayil ɗin gaba ɗaya zuwa UTF-8 tun kafin ka fara yanka shi layi-layi: mb_convert_encoding ko iconv a PHP, a Python kuma ka faɗa wa open cewa utf-16 ne. Sifili zai ɓace da kansa domin ya koma cikin harafinsa, ƙugiya kuma ta fito ƙugiya. Layi ɗaya ne shi ma, kamar wancan. Sai dai ka tabbata teburinka da haɗinka da MySQL suna kan utf8mb4, kada ka kai harafin bakin ƙofa lafiya a karya shi a ciki.

'Yan Python, ku ma kun san shi ta wata fuskar. Ka yi pip freeze ka tura sakamakon cikin fayil da alamar > a tsohon PowerShell ɗin da ke zuwa da Windows, abin da zai rubuta UTF-16 ne. Ka haɗa fayil ɗin kod ta wannan hanya, Python ya ce maka ba zai karanta kod mai sifili a ciki ba, ka zauna kana kallon allo, kod ɗinka lafiya lau a ido. Ciwo ɗaya ne.

Wannan ke nan in sifilin yana bin kowane harafi. Akwai kuma wanda ke zuwa a dunƙule, ɗaruruwa ko dubbai a jere, yawanci a ƙarshen fayil. Wannan duk wanda ke zaune a Yelwan Tudu ko Sabon Kaura da kwamfutar da batirinta ya mutu ya kamata ya san shi. Kana adana fayil aka ɗauke wuta. Ko ka kwafa a filashi, mai keke yana jiranka, ka fizge ba ka jira ba. Kwamfuta ba ta rubuta komai nan take, takan tara a ƙwaƙwalwa ta riƙa zubawa. Yana yiwuwa ta riga ta rubuta cewa girman fayil kaza ne, amma ainihin abin da ke ciki bai gama sauka ba. In ka buɗe daga baya, wurin da bai sauka ba sai ya fito maka sifili zalla.

Ka ga a nan sifilin yana gaya maka ne cewa a wurin nan da akwai mutane, yanzu babu su. In kod ɗinka yana share sifili yana wucewa, zai karɓi fayil ɗin da aka yanke wa ƙafa, ya rubuto maka da koren rubutu cewa an loda cikin nasara. Ka ɗauka jerin sakamakon gwaji ne, ko sunayen waɗanda suka biya kuɗi, ko waɗanda za a ba tallafi. Su wa ke ƙarshen jeri? 'Yan Y da 'yan Z. Yahaya, Yusuf, Zainab, Zulai. Za su zo su ce sun biya, kwamfuta ta ce ba ta san su ba, kuma kun san mutanenmu, in kwamfuta ta faɗa an gama magana. A irin wannan abin da ya dace shi ne manhaja ta tsaya cak, ta ƙi karɓa, ta gaya wa mai lodawa da harshen da zai gane cewa fayil ɗin nan ya lalace daga layi kaza, ya sake turo wani. Kuma bayan kowane lodi ta faɗi layi nawa ta karanta, don mai fayil ya gwada da abin da ya sani. In kuma manhajarka ce ke rubuta fayil, ka rubuta a wani na wucin gadi tukuna, ka tabbatar ya sauka, sannan ka sauya masa suna ya hau kan tsohon.

A nan ne ma na daina jin haushin PostgreSQL. Da ina ganin tsaurinsa ya yi yawa, don shi sam ba ya karɓar sifili a gurbin rubutu, kuskure zai jefo maka mai ɗauke da 0x00. MySQL kuwa ya karɓa ya ajiye bai ce uffan ba. Da mun yi amfani da mai tsaurin, da tun daren farko ya tsayar da mu. Kodayake, in faɗi gaskiya, yadda kanmu yake a lokacin, da sharewar dai za mu yi don mu rufe masa baki.

Sai na ukun, wanda shi ba haɗari ba ne, mutum ne ya sa shi da hannunsa.

Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs a farkon shekarun 1970, ba ya ajiye tsawon rubutu. Yana karantawa ne harafi bayan harafi har sai ya ci karo da sifili, nan ne ƙarshe a wajensa. PHP da Python da Java kuwa suna riƙe da tsawon rubutu, don haka sifili a tsakiya ba ya tsayar da su. Matsalar ita ce in PHP zai buɗe fayil, ba da kansa yake buɗewa ba, miƙa sunan yake yi ga tsarin kwamfutar, wanda ke karatu irin na C. Mutum biyu ke nan suna karanta takarda ɗaya, ɗaya yana kaiwa ƙarshe, ɗaya yana tsayawa a tsakiya. Poul-Henning Kamp, ɗaya daga cikin manyan masu gina FreeBSD, ya yi rubutu a 2011 inda ya kira wannan zaɓi na C kuskuren bayit ɗaya mafi tsada.

Ga yadda ake cin ka da shi. Shafinka yana karɓar hoton fasfo, ka sa sharaɗi dole sunan ya ƙare da .jpg. Wani ya turo fayil mai suna mugu.php, sai sifili, sai .jpg. Mai gadinka ya duba ƙarshen suna, ya ga .jpg, ya ce wuce. Mai ajiyewa ya karanta daga farko, ya iso sifili ya tsaya, ya ajiye mugu.php a sabarka. Yanzu baƙo yana da kod ɗinsa a cikin gidanka. Ba sabon abu ba ne, tun 1999 mujallar Phrack ta yi bayaninsa a kan shafukan da aka rubuta da Perl. A 2009 kuma, a taron Black Hat na Las Vegas, Moxie Marlinspike ya nuna cewa dabarar tana cin takardun shaidar tsaro na shafuka, waɗannan da ke sa ka ga ɗan kwaɗo a burauza: a rubuta sunan babban shafi, sai sifili, sai sunan shafin maharin. Mai ba da shaida ya duba ƙarshe, burauza ta duba farko.

Masu cewa ai an toshe wannan tuntuni suna da gaskiya, amma rabi. PHP ya toshe a sigar 5.3.4, a Disambar 2010, alhali lambar rahoton matsalar ta 2006 ce. Java sai 2013. Yau Python da Node da PHP 8 duk kuskure suke jefowa in ka ba su sunan fayil mai sifili, Django kuma tun sigar 2.0 yake ƙin karɓarsa a gurbin rubutu na fom. Madalla. Amma wa ya gaya maka inda za ka je IT ko hidimar ƙasa sabuwar siga suke amfani da ita? Akwai sabobin da aka kafa aka manta da su shekara da shekaru, akwai ɗakunan karatun kod da ke kiran C ta ƙarƙashi. Kuma ko a sabon, in ba ka tari kuskuren ba, duk wanda ya ga dama ya liƙa %00 a adireshi ya sa shafinka ya faɗi, wani lokacin har ya baje wa duniya sunayen manyan fayilolinka a saƙon kuskure.

Ga kuma inda sharewa ta fi zama haɗari. Ka ce ka hana duk sunan da ya ƙare da .php, sannan daga baya ka share sifili don tsafta. Wani ya turo mugu.ph, sifili, p. Mai gadi ya duba, bai ga .php ba, ya ce wuce. Mai shara ya zo ya cire sifili. Me ya rage? mugu.php. Kai da hannunka ka haɗa masa. Babu wani ɗalibi ko sakatare da zai sa sifili a sunan hotonsa bisa kuskure, madannai ma ba su da maɓallinsa. In ka gan shi a sunan fayil ko a adireshi, ka ƙi buƙatar gaba ɗaya, ka rubuta a kundin saba cewa an gwada ka. Mafi kyau ma, kada ka yi amfani da sunan da mutum ya turo sam. Ka raɗa wa fayil ɗin suna da kanka, ka ajiye shi inda saba ba ta gudanar da kod, ka duba cikinsa ka tabbatar hoto ne da gaske.

Kuma don Allah, kada wani ya karanta wannan ya tafi gwadawa a shafin makaranta ko na wani. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015, shiga kwamfutar wani ba izini laifi ne a ƙarƙashinta, "gwaji nake yi" ba ya fitar da kai. Ga XAMPP nan a kwamfutarka, ka fasa naka iya son ranka.

Wani ɗan ajinmu da na ba shi labarin nan ya ce shi ya huta, zai sa mai shara ɗaya a bakin ƙofa ya tace duk abin da ya shigo. Na ce to ka gama da hotunan fasfo. Hoto da PDF ba rubutu ba ne, sifili halal ne a cikinsu. Kowane fayil na PNG, bayan bayit takwas na farko, abin da ke biye 00 00 00 0D ne. Ka cire su, hoton ya mutu.

Ba ina cewa ba a taɓa cire sifili ba ne. Akwai tsare-tsaren fayil da ke ware wa suna gurbi mai tsayayyen tsawo su cike ragowar da sifili, kamar yadda tar ke yi. A nan ka san dalilinsa, ka san inda yake, yanke shi daga ƙarshen gurbin shi ne daidai. Bambancin shi ne ka san abin da kake cirewa. Mu a daren nan ba mu sani ba, kuma ba mu so mu sani ba, so muke jan rubutu ya ɓace mu je mu kwanta. Na fahimci wannan sarai. Ga lakca, ga gwaji, ga kuɗin data, ga layin cajin kwamfuta, ga sufabaiza yana jiran babi na huɗu. Kuma gaskiya ranar difens da wuya wani ya ce ka loda fayil mai ƙugiya. Za ka iya wucewa da A da kod ɗin da zai ɓata sunan mahaifiyarka. Sai dai hannun da ka saba da shi a nan, shi za ka kai asibiti ko bankin da zai ɗauke ka aiki, kuma can ba dariya za a yi a ɗaki a watse ba.

Ni yanzu ina da wata 'yar jaka a kwamfutata mai fayil biyar da nake jefa wa duk abin da na haɗa kafin in nuna wa kowa. Ɗaya UTF-8 ne mai sunaye irin su Ɗahiru, Ruƙayya, Faɗima da alamar naira. Ɗaya shi ne dai amma a UTF-16. Ɗaya na cike rabinsa na ƙarshe da sifili da gangan. Ɗaya fanko ne, babu komai a ciki. Na biyar hoto ne da na sauya wa suna ya koma .csv. Biyun farko dole su shiga, sunaye su fito da ƙugiyarsu, a kuma same su in an nema. Ukun ƙarshe dole a ƙi su da bayanin da sakatare zai karanta ya gane ba sai ya kira ni ba. Haɗa su bai ɗauke ni minti talatin ba.

Katunan kuwa mun sake bugawa, mu ukun muka haɗa kuɗin daga aljihunmu, satin nan gari da ƙuli muka sha. 'Yar uwar nan ta ƙi mayar da tsohon katinta, ta ce ajiye shi za ta yi, kuma har yau in mun haɗu a bakin get sai ta ce, "Injiniya, FaWima na gaisuwa." Wanda yake son fayilolin gwajin nan ya yi magana a ƙasa in tura masa. In kuma akwai wanda ya gwada ajami a irin wannan lodi, ya zo ya ba mu labari, don shi ne abin da nake shirin gwadawa bayan jarrabawa.